ZAUREN 'YAN MATA: Kwalliya a Ɗaka, Caɓi a Ƙofar Gida

Wannan watan za mu ɗan ajiye zancen lalle da wasiƙun masoya, mu leƙa ƙofar gida, tunda ga damina ta kankama.

Duk wadda ke zaune a unguwannin bayan gari, irin su Rimin Kebe ko Gaida a Kano, ta san inda na dosa. Yawancin irin waɗannan wurare gonaki ne a da, aka yanka su awon igiya, kowa ya tayar da gininsa, ba wanda ya bar wa ruwa hanya. To shi kuwa ruwa ba ya roƙon hanya, in ka tare shi sai ya bi ta ɗakinka. Ku tambayi iyayenku yadda ruwan Agustan 1988 ya rushe gidaje a Kano.

Na san wata za ta ce, "Haba Anti, ina ruwan mace da gyaran titi?" To wa ya fi mu shan wahalarsa? Ke ce za ki fito tsaf da farin hijabi za ki makaranta, babu gefen da mai ƙafa zai raɓa, babur ya watsa miki taɓo. Wannan ma da sauƙi. Ki tuna yayarki da naƙuda ta kama cikin dare, mai Adaidaita ya tsaya can bakin titi ya ce wallahi ba zai shiga layin ba. A irin wannan jinkiri ake rasa uwa ko ɗa.

Ga kuma ciwo. Ɗan ruwan nan da ke kwanciya a ramukan layi, cikinsa sauron zazzaɓi ke ƙwai, kuma cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ƙwan ya zama sauro. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Nijeriya suke, kuma ya fi yi wa masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 illa. In ruwan kwata ya malala rijiya kuwa, sai amai da gudawa.

Yanzu mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da hadari ya haɗo, wa ke miƙa wa yaro kwandon shara ya juye a lambatu, wai ruwa ya tafi da ita? Mu ne. Toka, ledar fiya-wata, kunzugun jarirai na zamani, duk a ciki. Leda ba ta narkewa, can bakin kwalbati za ta taru ta toshe shi, ruwa ya dawo mana.

Saboda haka gyara daga hannunki zai fara. Ki tanadi buhu na shara daban, a kai bola. Ki sa ƙannenki su cike ramukan ƙofar gida da ɓaraguzan gini. Ranar Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli, in an yashe kwata, a kwashe dattin nan take, kada a jibge shi a baki ruwa ya mayar.

Sannan ki yi amfani da bokonki. Ki samu Baba cikin ladabi, ya yi wa mai unguwa magana a kira gayya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ke da ƙawayenki ku rubuta takarda zuwa ga kansila da shugaban ƙaramar hukuma: sunan layi, yawan gidaje, inda ruwa ke taruwa, magidanta su sa hannu. Ku nemi magudanar ruwa tukuna kafin burji ko kwalta, don titin da ba shi da magudana damina kaɗan ke cinye shi. In aka rufe ta da murfin siminti, kun ga an samu hanyar ƙafa ke nan, muddin ba a kafa teburi ko dakali a kanta ba.

Wanda kuma ke zuwa zance yana cewa zai iya komai dominki, ranar gayya ki aika masa ya zo da shebur, mu gani!

Ina jiran wasiƙunku, kowacce ta ba ni labarin layinsu. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Anti