Kajin Nama: A Rage Magani, A Kula Da Hanji

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da ake kiwon kajin nama ya san abin da ake fara yi ran da 'yan tsaki suka sauka daga mota. Tun ba su ɗanɗana abinci ba, an riga an kaɗa musu garin magani a ruwa, galibi irin maganin nan mai kashe ƙwayoyin cuta wanda likitoci ke kira antibayotik. Ba kuwa wani ciwo ya kama su ba. Mai kaji ne ke jin tsoron asara, ga shi kuma ya tarar kowa haka yake yi. Muna so mu jawo hankalin masu karatu ga wannan al'ada, domin ɓarnarta ba ta tsaya a ɗakin kaji ba, tana kaiwa har gadon asibiti.

Asalin abin daga Amurka ne. A 1950 waɗansu masana biyu, Stokstad da Jukes, suka ba da labari cewa in an zuba ɗan kaɗan na maganin Aureomycin cikin abincin kaji sai su fi saurin girma. Nan da nan dabarar ta game duniya. Amma ƙwayar cutar da ake shayar da ita magani kaɗan kaɗan kullum, wadda ba ta mutu ba sai ta saba da shi, ta hayayyafa, zuriyarta ta gāji taurin kai. Tun 1969 wani kwamiti a Ingila, a ƙarƙashin Farfesa Swann, ya yi gargaɗi a kan haka. Ƙasar Suwidin ta hana ba dabbobi irin wannan magani don ƙiba a 1986, Tarayyar Turai ta bi sahu ran 1 ga Janairu 2006. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma in an kwatanta da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. Ba mu ce kaji ne suka jawo wannan duka ba, mu ma mutane muna da namu laifin wajen shan magani barkatai. Amma gidan gona na da nasa rabo.

To, in an ce wa mai kaji ya rage magani, me za a ba shi a madadi? Amsar da ta fi ƙarfi ta fito ne daga ƙasar Finlan. A 1971 cutar Salmonella ta bazu a gidajen kajin nama na ƙasar. Sai wani masani mai suna Nurmi da abokiyar aikinsa Rantala suka lura da wani abu da kowace mata mai kiwon kaji a ƙauye take gani kullum. Ɗan tsakon da uwa ta ƙyanƙyashe yana bin ta, yana tsattsagar inda ta yi kashi, ta haka yake gādon ƙananan halittun da ke zaune a hanjinta. Wanda inji ya ƙyanƙyashe kuwa bai taɓa ganin uwa ba, hanjinsa kamar sabon gida ne da ba kowa, duk wanda ya riga shiga ya zama mai gida. Suka ɗebo abin cikin hanjin manyan kaji masu lafiya, suka tsarma shi, suka ɗura wa 'yan tsaki, sa'an nan suka ba su Salmonella, sai ga shi ta kasa samun wurin zama. Suka buga sakamakon a 1973. Watau dai wanda ya riga ka kwana zai riga ka tashi.

Waɗannan halittu masu amfani, in an ware su, an raine su, an ba dabba ko mutum da ransu, su ake kira furobayotik. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita, kuma dangin ƙwayoyin cuta ne, sai dai su aikinsu alheri. Ba baƙinmu ba ne. Dangin Lactobacillus su ke sa nono ya yi tsami ya zama kindirmo, Bacillus subtilis kuwa ita ce babbar ma'aikaciya wajen ruɓar da kalwa ta zama daddawa.

Yadda suke aiki a cikin kaza abin sha'awa ne. Suna manne wa bangon hanji su cika wuri, su cinye abincin da mugayen za su ci. Waɗansu suna fitar da tsami irin na nono, wanda Salmonella da ire-irenta ba sa jurewa. A cikin 'yan jakunkuna biyu da ke kusa da ƙarshen hanjin kaza, inda halittun suka fi yawa, ana narka ragowar abinci ya zama waɗansu sinadarai da bangon hanjin kansa ke ci ya yi ƙarfi. Shi bangon nan ba sumul yake ba, cike yake da 'yan tsirarrun yatsu kamar gashin tawul, su ke tsotse amfanin abinci su kai jini. In sun yi tsawo kaza ta mori abin da ta ci, in ciwo ya guntule su abinci ya wuce a banza. An sha gani a gwaji cewa kajin da aka ba furobayotik yatsun nan nasu sun fi tsawo, kashinsu ya fi bushewa, shimfiɗar ɗaki ta rage wari. Irin Bacillus kuma suna taimakawa wajen danne Clostridium, mai ruɓar da hanji ya kashe kaji ana dab da sayarwa.

Me ya sa hanji ya zama babbar magana haka? Masana na Jami'ar Alberta a Kanada sun kiwata tsohon iri da sabon iri a kan abinci ɗaya, suka buga abin da suka samu a 2014. Kazar irin 1957 ta kai giram 905 a kwana 56, ta irin 2005 ta kai giram 4,202. Tsuntsun da zai tara wannan nama cikin mako takwas, duk nauyin aikin yana kan hanjinsa. Abinci kuwa shi ke cin wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. Wanda ya san abin da buhun masara da na waken soya ke ci a kasuwa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Amma fa kada murna ta yi yawa. Gaskiya ita ce ba kowane gwaji ne ya nuna ƙarin girma ba, kuma inda aka samu ƙarin, sau da yawa ba mai yawa ba ne. Amfanin ya fi bayyana inda kaji ke cikin wahala, kamar zafi ko cunkoso. Sa'an nan sunan da ke jikin leda bai isa shaida ba. Bacillus subtilis kamar sunan gari ne, ba kuwa duk ɗan garin ne maƙeri ba. Wani iri ya yi aiki, wani mai suna ɗaya da shi ya tashi a tutar babu. Saboda haka kada wani ya karanta wannan ya je ya dama wa kajinsa daddawa. Abu mafi muhimmanci, halittun nan sai suna da rai suke amfani. Ledar Lactobacillus da ta yi wata uku a kanti ƙarƙashin rufin kwano cikin zafin bazara, mai yiwuwa gawa mai kaji ya saya da kuɗinsa. Ruwan famfo mai sinadarin kilorin yana kashe su, haka ma in an haɗa su da antibayotik a mazubi ɗaya. Dangin Bacillus sun fi juriya, domin suna ƙulle kansu cikin ɓawo har su tsallake tururin injin da ke curin abincin kaji.

Kuma furobayotik ba ya maye gurbin rigakafin Gumboro da Niyukasil, ba ya warkar da zawon jini, ba ya share ɗaki. Mutanen Suwidin da kansu sun sha fama da ruɓewar hanji bayan hanin 1986, sai da suka gyara abinci da tsabta kana abin ya lafa. Kazar da ta kamu da ciwo a kira mata likitan dabbobi, a ba ta maganin da ya dace, a kuma jira kwanakin da aka rubuta su cika kafin a yanka.

Ganinmu shi ne hanya ce mai kyau, ta cancanci a bi, amma ba za ta biyu ba sai hukuma ta tsare mai saye. Muna roƙon hukumar NAFDAC ta tilasta kowane mai sayarwa ya rubuta ainihin irin da ke cikin ledarsa, da adadin masu rai a kowane giram, da ranar lalacewa, ta kuma riƙa saye daga kasuwa tana ƙirgawa, kada a tsaya ga samfurin da kamfani ya kawo ofis. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ta binciken kiwo ta Shika suna da masanan da za su gwada kayan nan a cikin zafinmu, su kuma binciki hanjin kajinmu na gida masu kiwo a bola ba su damu ba, ko a sami irin da ya saba da ƙasar nan. Masu injin ƙyanƙyasa ma da sauran aiki a gabansu. Yawancin 'yan tsakin da ake kiwo a Arewa daga wajen Ibadan ake ɗauko su, su yi doguwar tafiya a kwali cikinsu wayam, alhali ana iya fesa musu halittun nan tun kafin a ɗora su a mota.

Shi kuma mai kaji ba sai ya jira kowa ba. In ya kawo 'yan tsaki 200, ya raba su ɗaki biyu, ya ba rabi, ya bar rabi, abinci da ruwa da rigakafi duk ɗaya. Ya rubuta buhu nawa kowane ɗaki ya ci, guda nawa suka mutu, ya kuma ɗora su a sikeli kowane mako har mako na shida. In littafinsa ya nuna ribar ta fi kuɗin ledar, ya sake saye; in bai nuna ba, ya kai wa malamin gona ledar da littafin.