Ba kumfar shamfu ke cinye gashin matan Arewa ba

Wata magana ta shigo mana ta waya, ta bi ta bakin masu kitso da masu sayar da kayan kwalliya a Dogondutsi, har ta kai Matankari da Dankasari da ƙauyukan Sukukutane: wai shamfu mai salfet guba ne, yana karya gashi, yana kawo sanƙo, wasu ma sun ce har ciwon daji yake sawa. Ƴan matanmu da ke karatu a Doso da Yamai suna dawowa hutu da kwalba mai rubutun "sans sulfate" a goshinta, suna kallon ta iyayensu mata da tausayi. Kwalbar kuwa ta fi ta da tsada nesa ba kusa ba, a ƙasar da mace ke lissafin kowace dala kafin ta saki.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Akwai gaskiya a zargin da ake yi wa salfet, amma ƴar kaɗan ce, an hura ta har ta rufe abubuwan da suke cin gashin matanmu da gaske. An bar jaki ana dukan taiki.

Salfet ɗin da ake magana sinadarin wanki ne. Idan kika juya kwalbar shamfu kika duba jerin abin da ke ciki, bayan ruwa galibi abin da ke biye shi ne sodium lauryl sulfate ko sodium laureth sulfate. Ana samar da su daga man kwakwa ko man ƙwarar manja, wani lokaci daga man fetur. Kowace ƙwayarsa baki biyu gare ta, ɗaya yana kama maiƙo, ɗaya yana kama ruwa, shi ya sa idan aka ɗauraye, maiƙon da dauɗar da ta manne masa suke bin ruwa su tafi. Shi ne kuma yake ba da kumfar nan da mutanenmu suke auna kyan shamfu da ita. Ba sabon abu ba ne. Tun shekarun 1930 kamfanonin Jamus da Amurka suka fara sa irinsa a abin wanke kai, kuma dalilinsu ya shafe mu kai tsaye: sabulu na ainihi ba ya jituwa da ruwa mai nauyi. Duk wadda rijiyar garinsu ke da zartsi ta san yadda sabulu ke ƙin kumfa, ya bar wani farin dasashi a gashi, kai ya yi kaushi kamar ba a wanke ba. Salfet ba ya yin haka. Don a huta da illar sabulu aka kawo shi.

Gaskiyar da ke cikin zargin ita ce, salfet ba ya bambanta dauɗa da maiƙon da fatar kai ke fitarwa don kare gashi. Duka yake kwashewa. Sodium lauryl sulfate musamman yana da kaifi, har likitocin fata kan yi amfani da shi a gwaje-gwajensu idan suna son su tayar wa fata da hankali da gangan, sai dai su manna shi suke yi a fata ya daɗe, ba minti biyu a ɗauraye ba. Ɗan'uwansa laureth ya fi shi sauƙi. Gashinmu kuma ba irin na Bature ko na Ba'indiye ba ne. Silinsa a murɗe yake, a kowace lanƙwasa yana da rauni, kuma maiƙon da ke fitowa daga tushe ba ya iya gangarowa har baki kamar yadda yake yi a gashi miƙaƙƙe. Dama can a bushe yake. Ki haɗa masa da hunturun Arewa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da leɓe da dunduniya ke tsagewa, sannan ki wanke shi da shamfu mai kaifi sau uku a zama ɗaya ba ki shafa komai ba, dole ya yi ta karyewa a mataji. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma bushewa ce, kuma maganinta yana hannu. Tushen gashi yana can cikin fata, kumfar da aka ɗauraye ba ta kashe shi.

Batun ciwon daji kuwa ji-ta-ji-ta ce da ta fara yawo a intanet tun ƙarshen shekarun 1990, hukumomin lafiya kuma ba su sami shaidar da ta tabbatar da ita ba. Abin da ake sa wa ido shi ne wani gurɓataccen sinadari mai suna dioxane da kan rage kaɗan a cikin laureth wajen sarrafawa, shi ya sa jihar New York a Amurka ta kafa doka cewa daga ƙarshen 2023 kada ya wuce kashi 1 cikin miliyan a kayan wanke jiki. Wannan magana ce ta ingancin masana'anta, kuma ita ce ya kamata ta dame mu, mu da rabin abin da ke kasuwarmu ba mu san inda aka dama shi ba.

Rubutun "babu salfet" shi ma ba hujja ba ne. Kamfanoni da yawa sun cire salfet sun maye gurbinsa da olefin sulfonate, wanda wajen kwashe maiƙo bai bar salfet a baya ba. Cocamidopropyl betaine, da ake yabo da taushi, shi ne ƙungiyar likitocin fata ta Amurka masu nazarin borin fata ta ayyana a 2004 a matsayin sinadarin shekara mai jawo ƙaiƙayi ga wasu mutane. Akwai kuma labarin WEN, wani man wanke kai mara salfet mara kumfa da aka yi ta tallarsa a Amurka a matsayin mafita. Dubban mata suka kai ƙorafin zubewar gashi da ƙaiƙayi, aka je kotu, a 2016 masu shi suka amince su biya sama da dalar Amurka miliyan 26 don a sasanta, ko da yake ba su amsa laifi ba. Akwai masu taushi na gaske, irin waɗanda aka yi da glucoside ko isethionate, kuma wadda take da hali ta saya, musamman mai fatar kai da ba ta jure komai, ko mai rina gashi, domin salfet yana saurin koɗar da rini. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa mace a Sukukutane ta ji cewa lafiyar kanta ta rataya a kan kwalbar da ta fi ƙarfin aljihunta.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya, gidaje nawa ne a karkarar Arewa ake wanke kai da shamfu, mai salfet ko mara shi? Abin da ya fi yawa shi ne sabulun wanki, sannan omo. Da idona na ga ana zuba wa yarinya garin omo a ka ana cuɗawa, wai ya fi fitar da datti. A nan ɓarnar take. Masana suna da ma'auni daga 0 zuwa 14 na gane ko abu ya karkata ga tsami ko ga kanwa, 7 ne tsakiya. Fatar kai tana wajen 5 da rabi, wato tana son ɗan tsami-tsami. Shamfu mai kyau, ko da mai salfet ne, ana daidaita shi ya kusanci wannan. Sabulu yana tsakanin 9 da 10, omo yakan kai ko ya haura. Bayan silin gashi rufe yake da ƴan ɓawo-ɓawo a jere, wani bisa wani, kamar jinkar ɗaki. Abu mai kanwa-kanwa yana ɗaga su, gashi ya kumbura, ya yi kaushi, ya sarƙe da ɗan'uwansa, sai a sa mataji a ja. Sabulun salo da muke ƙauna, wanda yanzu ake sayar wa Turawa a matsayin na gargajiya mara illa, da ruwan toka ake yin sa, shi ma a ɓangaren kanwa yake. Kasancewar abu namu na gida bai sa ya zama mai taushi ga gashi ba.

Sai man miƙar da gashi, wanda ake shafa wa amare da ƴan mata kafin salla. Mafi ƙarfinsa da soda ake yi, yana kaiwa 12 zuwa 14 a wancan ma'auni. Aikinsa shi ne ya karya ginin silin gashi daga ciki don ya miƙe, ba kuma ya komawa yadda yake. Idan an bar shi ya wuce lokaci yana ƙone fatar kai, wani ƙunan ya bar tabon da gashi ba zai sake tsirowa a wurin ba. Mace za ta yi wannan duk bayan wata biyu, ranar da gashi ya fara gutsurewa ta ce shamfu ne.

Kitso ma haka. Ina girmama masu kitsonmu, sana'a ce ta hannu da ido da haƙuri, amma wannan ɗabi'ar ta cewa kitso bai yi kyau ba sai ya ja fatar goshi har yarinya ta kasa sunkuyawa, ita ce ta cinye gaban kan mata da yawa. Ki dubi inda gashin ke fara tafiya: goshi da gefen kunne, daidai inda ake ja. Idan kika ga ƴan ƙuraje sun fito a layin kitso, tushen gashi ne yake kuka. Da wuri idan an sassauta yana dawowa, idan an shekara ana ja ya tafi kenan.

Akwai wani abu kuma da ke tsorata mata ba gaira ba dalili. Kowane mutum mai lafiya yana zubar da silin gashi 50 zuwa 100 a rana. Wadda ta yi kitso ta bar shi mako uku, waɗannan silin ba su da hanyar faɗuwa, suna nan maƙale. Ranar tsifa da wanki sai su fito gaba ɗaya, dunƙule guda a hannu, laifi kuma ya hau kan abin da aka wanke kai da shi ranar. Mai jego ma, wata biyu zuwa huɗu bayan haihuwa gashinta kan zuba sosai saboda sauyin jiki, ya kuma dawo da kansa. Ƙarancin jini, wanda ke damun kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa, shi ma yana rage gashi. Wannan maganinsa yana wurin awo da cikin tukunya, babu kwalbar da za ta gyara shi.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, abin wanki mai taushin da ake nema a kanti yana nan a bayan gidajenmu da damina. Yoɗo, wanda Kanawa ke kira karkashi, kakanninmu sun daɗe suna jiƙa ganyensa su wanke kai da yauƙinsa. Yana sa gashi santsi, mataji ya wuce ba faɗa. Shi ne yau ake ƙullawa a leda mai kyau daga Chadi da sunan ambunu, ana kai wa baƙaƙen fata na Amurka da Faransa suna saye da tsada. Ganyen magarya da na kurna idan an daka an kaɗa a ruwa suna kumfa, domin suna ɗauke da sinadarin wanki na halitta, kuma malamanmu sun san matsayin magarya a babin wanka tun zamanin Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Waɗannan sun dace da gashinmu, sun dace da aljihunmu. Sai dai kada mu ɗora musu abin da ba za su iya ba. Kan da aka yi wata ana lafta masa basilin da man shanu, ƙurar hunturu ta zauna a kai, yoɗo ba zai fitar da wannan ba. Maiƙon da ya taru yana ciyar da amosani, kai ya yi ta ƙaiƙayi, farce ya yi ta aiki. Irin wannan kan yana bukatar wanki na sosai, kuma a nan shamfu na yau da kullum, mai salfet ɗin, ya fi sabulu da omo alheri.

Yadda nake ganin ya fi dacewa da mace a ƙauyukanmu ba wani abu ne mai wuya ba. Ranar tsifa, kafin ruwa ya taɓa kai, a shafa man kaɗe ko man gyaɗa a warware gashin da yatsu. A ɗauki shamfu kaɗan a tsarma da ruwa a kofi, a cuɗa fatar kai, ba jelar gashi ba, kumfar da ta gangaro ta ishi sauran. Sau ɗaya ya wadatar in ba kan ya yi dauɗa ƙwarai ba. A ɗauraye sosai, kuma na san wannan ba ƙaramar magana ba ce ga wadda ta jawo ruwan da guga daga rijiya mai zurfi, amma kumfar da aka bari a kai tana kawo ƙaiƙayi, shi ya sa rage yawan shamfun ya fi rage ruwan. A bi da ruwan yoɗo, a mayar da mai tun gashin na da danshi, a bar shi ya sha iska kafin a ɗaura kallabi. Tsakanin wanki da wanki, yoɗo ko magarya kaɗai sun isa.

Kwalbar da ya kamata a guje wa ita ce wadda ba ta da jerin abin da ke ciki, ba sunan masana'anta, ba ranar lalacewa, irin wadda ake durawa a tsohuwar robar ruwa ana yawo da ita kasuwa-kasuwa. Ba wanda ya san yawan sinadarin da aka zuba mata, ko an sa soda don ta yi kauri. Masu kula da ingancin kaya a Doso da Dogondutsi a nan ya kamata su sa ido, kuma masu kitso, da yake su mata ke saurara fiye da kowa, su daina karɓar irinta daga hannun ƴan talla.

Su kuma yaran da ke yawo da makero a ka, farin zagaye gashi ya karye a wurin, iyaye su daina sauya musu sabulu suna jiran sauƙi. Ƙwayar cuta ce da ta shiga cikin silin gashi, tana bin aska da mataji da hula daga yaro zuwa yaro, kuma abin shafawa kaɗai ba ya kai mata. Maganin sha take bukata na makonni, wanda ma'aikacin lafiya zai rubuta, sannan a tafasa mataji, wanzami kuma ya sauya reza ga kowane kai.