Gaisuwar Rana a Kan Dutsen Kufena: Nasiha Ga Mai Son Fara Yoga

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki da Ya ba mu aron jiki da lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata Asabar cikin hunturun da ya gabata, bayan mun idar da sallar Asuba, ɗan yayata da ke karatu a jami'a a Samaru ya matsa mini lallai sai na raka shi hawan dutsen Kufena. Na daɗe rabona da dutsen, don haka na amince. Muka bi ta Wusasa, muka hau a hankali, ni ina haki shi yana dariya. Da muka kai sama, gari ya fara wayewa, ga birnin Zariya can a gabas cikin hazo. Sai na ga yaron nan ya shimfiɗa wata 'yar tabarmar roba, ya jingina wayarsa da dutse, ya fuskanci gabas daidai lokacin da rana ke ɓullowa. Ya haɗa tafukan hannunsa a ƙirji, ya ɗaga su sama, ya sunkuya, sannan ya kai ƙirji da goshi ƙasa. Gabana ya faɗi.

Da ya gama na ce, "Ɗana, wannan fa?" Ya ce, "Kawu, yoga ce. Bayana ke ciwo saboda zaman karatu, kuma tun da na fara na sami sauƙi. Wannan sashen ɗumama jiki ne kawai, ana ce masa Surya Namaskar." Na tambaye shi ko ya san ma'anar sunan, ya ce a'a. Na ce masa Surya sunan rana ne a harshen Sanskirit, kuma sunan abin bauta ne a addinin Hindu, namaskar kuwa gaisuwa ce ta rusunawa da girmamawa. Yaro ya yi tsuru-tsuru, ya ce, "Wallahi Kawu ban sani ba!" Ya naɗe tabarmarsa ya ce daga yau ya bar motsa jikin gaba ɗaya.

A nan ne na ga kuskure biyu cikin safiya ɗaya: na farko kwaikwayo ba tare da tambaya ba, na biyu kuma watsar da amfani kan mai uwa da wabi saboda tsoro. Ra'ayina shi ne, matakin farko ga Musulmin da ke son fara yoga ba sayen tabarma ba ne, sanin abin da zai ɗauka ne da abin da zai bari.

Mece ce yoga?

Kalmar ta fito ne daga wata saiwa ta Sanskirit mai ma'anar haɗawa ko ɗaurawa, kamar yadda ake ɗaura wa shanun huɗa karkiya. Asalinta hanya ce ta horar da rai a addinan ƙasar Indiya, kuma wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Shahararren littafinta na dā shi ne na wani malaminsu mai suna Patanjali, wanda ya kasa tafarkin gida takwas. Zaman jiki shi ne mataki na uku, sarrafa numfashi na huɗu, ƙarshen tafiyar kuwa wani hali ne na ruhi da ya ginu a kan aƙidarsu. Cikin jimloli kusan 200 na littafin, uku kacal ne suka yi magana a kan zaman jiki.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Musulmi sun san wannan littafi tun kimanin shekara dubu da suka wuce. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya koyi Sanskirit, ya fassara littafin Patanjali zuwa Larabci, ya kuma rubuta babban littafinsa a kan Indiya wajajen shekarar 1030. Bai ji tsoron karantawa ba, karatun kuma bai raba shi da addininsa ba. Ya bayyana abin da mutanen suka yi imani da shi kamar yadda yake. Wannan ita ce tarbiyyar magabatanmu: a san abu kafin a yi masa hukunci.

Amma yogar da matasanmu ke gani a YouTube, ta miƙe-miƙe da lanƙwashe-lanƙwashe a jere, mafi yawanta ta ƙarni na ashirin ce. Wani malami mai suna Krishnamacharya ya koyar da ita a fadar Maisur cikin shekarun 1930, kuma masu bincike irin su Mark Singleton, a littafinsa na shekarar 2010, sun nuna yadda ta cuɗanya da atisayen motsa jiki na Turawa na wancan zamani. Daga nan ta bazu zuwa Amurka da Ingila, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware mata ranar 21 ga Yuni a shekarar 2014, aka fara bikin a 2015. Ke nan abin da ke gabanmu gauraye ne: akwai tsantsar motsa jiki, akwai kuma ragowar ibada. Aikin mai hankali shi ne ya sheƙe, ya ware tsaba da ƙaiƙayi.

Me malamai suka ce?

A watan Nuwamba na 2008 Majalisar Fatawa ta ƙasar Malesiya ta hana Musulmi yin yogar da ta haɗa motsa jiki da ambaton kalmomin bauta, tana tsoron kada ta gurɓata aƙida. Firayim Ministan ƙasar na lokacin, Abdullah Ahmad Badawi, ya bayyana cewa mai yi don lafiya ba tare da waɗancan kalmomi ba zai iya ci gaba. A watan Janairu na 2009 Majalisar Malamai ta Indunusiya, a taronta na Padang Panjang, ta haramta wadda ke ɗauke da al'adun bauta, ta halatta wadda take motsa jiki zalla. A Nuwamban 2017 kuma hukumomin Saudiyya suka sanya yoga cikin jerin wasannin motsa jiki da ake ba da lasisin koyarwa. Akwai malaman da har gobe suke ganin barinta ɗungurungum ya fi, domin toshe ƙofar ɓarna, kuma ina girmama wannan fahimta. Sai dai wanda ya duba da kyau zai ga cewa damuwar kowa wuri guda take: shirka da kamanceceniya da ibadar wasu. Babu wanda ya ce miƙe ƙafa ko jan numfashi a kan kansa zunubi ne.

Ƙa'idar malaman fiƙihu sananniya ce: asalin al'amuran rayuwa halacci ne har sai an sami dalilin hani, asalin ibada kuwa tsayawa ne a kan abin da aka shar'anta. Aya ta 37 a Suratu Fussilat ta hana yin sujada ga rana da wata. Manzon Allah (SAW) ya hana mu ko da nafila a lokacin da rana ke ɓullowa, domin kada mu yi kama da masu bauta mata. To idan sallar da ake yi don Allah an hana ta a wannan lokaci, ina ga kai goshi ƙasa ana fuskantar rana da sunan gaishe ta? Kyakkyawar niyya tana ɗauke wa wanda bai sani ba laifi, amma ba ta zama hujjar ci gaba bayan an sani.

Darasin da ke cikin dutsen

Na ce wa ɗan yayata ya dubi inda yake tsaye. Masana tarihi sun nuna cewa Kufena da Turunku suna cikin tsofaffin mazaunan Zazzagawa kafin birnin da muke gani yanzu ya zama hedikwata, kuma har yau akwai kufan ganuwa a gindin dutsen. Duwatsu irin wannan, kamar Dala ta Kano mai labarin Barbushe da Tsumburbura, wurare ne da kakanninmu suka ɗauka mazaunin iskoki, suna kai musu yanka. Da Musulunci ya kafu, ba a fasa dutsen ba, ba a kuma haramta hawansa ba. Bautar aka bari, dutsen ya ci gaba da zama dutse. Ga mu yau a kansa da alwalarmu.

Haka dambe da kokawa. Kowa ya san yadda layu da guraye da tsafe-tsafe suka dabaibaye su a ƙasar Hausa. Duk da haka ba mu ce kokawa haramun ce ba, tunda ya zo a tarihi cewa Annabi (SAW) ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi, ya kuma yi tsere da Nana A'isha (RA). Cewa muka yi a cire tsafin, a rufe al'aura, a kiyaye lokacin salla. Ma'aunin da muka auna namu da shi, shi za mu auna na baƙi da shi, babu ragi babu ƙari.

Abin da za a bari

Na farko, duk wata kalma da ake maimaitawa wadda ba ka san ma'anarta ba, musamman "Om", wadda sauti ne mai tsarki a addinin Hindu. Na biyu, gaisuwar rana a matsayinta na tsararren jeri mai suna da alƙibla da lokaci. Na uku, haɗa tafuka a ƙirji ana rusuna wa malami ko hoto ko gunki. Na huɗu, nau'in tunanin da ake ce maka ka ji kai da Mahalicci abu ɗaya ne, domin wannan ya ci karo da tauhidi kai tsaye. Na biyar, ajin da maza da mata ke cakuɗe cikin matsattsun tufafi. 'Yar uwa mai so ta yi a ɗakinta ko cikin 'yan uwanta mata.

Akwai kuma wani kuskure da nake ji a bakin wasu matasa masu kyakkyawar manufa, wato cewa ai salla ma yoga ce. A'a. Salla ibada ce da aka farlanta a daren Isra'i da Mi'iraji, muna yin ta ne don umarni, ko tana gyara baya ko ba ta gyarawa. Haka nan ban ga dalilin ɗaukar wani zikiri a liƙa wa kowane motsi, a ƙirƙiro sabuwar ibada ba. A bar motsa jiki a matsayinsa na motsa jiki, a yi bisimilla a fara kamar yadda ake yi wa cin abinci.

Abin da za a ɗauka

Amfanin ba tatsuniya ba ne. A shekarar 2017 wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta sanya yoga cikin hanyoyin da take ba da shawarar a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon baya kafin a koma ga ƙwayoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana son baligi ya sami aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Mu tambayi kanmu, mu da muke wuni a gaban kwamfuta ko a sunkuye kan waya, daga ɗaki sai acaba, minti nawa muke samu?

Mai farawa ba ya buƙatar komai sai tabarma ko bargo a wuri mai shara, da tufafi masu walawa. Ya fara da minti 10 zuwa 15, sau uku a mako, ba a kan cikakken ciki ba. Motsi biyar sun ishe shi a watan farko. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannuwa sama har ya ji haƙarƙarinsa ya buɗe. Ya durƙusa a kan gwiwoyi da tafuka, ya tanƙwara bayansa sama kamar kyanwar da ta tashi daga barci, sannan ya gantsare a hankali. Ya kwanta rigingine ya rungumo gwiwoyinsa zuwa ƙirji. Yana nan rigingine, ya kafa tafin ƙafa a ƙasa ya ɗaga ƙugunsa. Sannan ya kwanta rub da ciki ya ɗago ƙirji kaɗan da taimakon hannuwa. A kowane motsi ya tsaya gwargwadon numfashi biyar, yana shaƙa da fitarwa ta hanci, kada ya riƙe numfashi. Wanda ya taɓa zuwa sashen gashin ƙashi a asibiti zai gane yawancinsu, domin irinsu ake koya wa masu ciwon baya, ba tare da wani suna na Sanskirit ba.

Jin jijiya ta miƙe daban, zafi mai suka daban. Da zarar an ji suka, ko ƙafa ta ɗauki sanyi da dindiris, a dakata. Tsayuwa a kan ka da murɗe wuya ba na ɗan koyo ba ne, kada garin gyaran gira a rasa ido. Mai hawan jini, da mai cutar hawan ruwan ido, da mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata ko ya sami gocewar ƙashin baya, su fara ganin likita. Wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓi ko rama ko raunin ƙafa, asibiti ne wurinsa, ba tabarma ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Wanda kuma zuciyarsa ta ƙi natsuwa da sunan yoga ɗin kansa, ya bar sunan ya riƙe motsin, ko ya yi tattaki, ko ya buga ƙwallo, ko ya hau Kufena. Ba a yoga kaɗai lafiya take ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne mu fake da taƙawa mu zauna jiki ya lalace, alhali hadisi ya tabbata cewa jikinmu yana da haƙƙi a kanmu, kuma mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa wurin Allah a kan mai rauni, ko da yake akwai alheri tare da kowannensu. Tsayuwar dare da azumi da ɗawafi duk da wannan jikin ake yin su.

Kafin mu sauko na sa yaron ya sake shimfiɗa tabarmarsa. Rana ta riga ta ɗaga, ya ba ta baya, ya kashe wayar, ya koya mini motsin kyanwa, gwiwoyina suna ƙara yana ƙunshe dariya. Yanzu yakan yi nasa a ɗaki da hantsi, kuma ya ce mini duk sunan da ya ji a bidiyo sai ya bincika ma'anarsa kafin ya kwaikwaya. Ya kai ɗan uwana, ke 'yar uwata, ku ma ku riƙe wannan, domin matambayi ba ya ɓata. Abin da ya shige muku duhu ku kai shi gaban malamin da kuka amince da iliminsa, ku nuna masa motsin da idonsa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuma daga gare ni. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya tsare mana imaninmu, Ya sa mu cika da kyau. Wassalamu alaikum.