Kafin Ki Zuba Kuɗin Adashi A Hannun Jari

Yanzu ko daga ɗakinki a Tudun Wadan Zariya kina iya sayen hannun jari ta waya. To, kafin ki kwashe adashinki ki zuba, ya kamata ki san abubuwa uku da ke juya wannan kasuwa.

Na farko man fetur. A 2004 Babban Bankin Nijeriya ya umarci kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25. Bankuna suka fito sayar da hannun jari, jama'a suka yi rububi, farashi ya yi ta hawa har watan Maris na 2008. Sai tattalin arzikin Amurka ya girgiza. Gangar mai da ta kai dala 147 a watan Yuli ta faɗo ƙasa da dala 40 a Disamba. Baƙi masu jari suka janye kuɗinsu, kasuwar Ikko ta faɗi da kashi 45 cikin ɗari a shekarar. Waɗanda suka ci bashi suka saya su ne suka fi jin jiki.

Na biyu darajar naira. A watan Yuni na 2023 gwamnati ta saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa kusan 900 a ƙarshen shekara. Kamfanonin da ake bin su bashin dala, irin su Nestle da MTN, suka yi asara, manyan bankuna masu ajiyar dala kuwa suka kwashi riba.

Na uku tsadar kaya, wadda kin fi kowa saninta. A 2024 kasuwar ta tashi da kashi 37, amma farashin kaya ya tashi da kusan kashi 35. Kin ga ribar tana da yawa a takarda, in aka auna ta da mudun shinkafa a kasuwar Tudun Wada kuwa, 'yar kaɗan ce.

Saboda haka, 'yar'uwa, kada ki sayar da 'yan kunnenki na zinariya, kada ki taɓa kuɗin makarantar yara, kada kuma ki ci bashi don wannan harka. Ki sa abin da za ki iya haƙura da shi shekaru, ki raba shi a kamfanoni daban-daban ta hannun dillali mai rajista, ki riƙa sauraron labarin mai da na dala a rediyo. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.

Sai mun sake saduwa.