Masu Sayar Da CV Sun Samu Aiki, Masu Saye Suna Nan Zaune

Duk wanda ya bi ta Liberté ya shigo 220 Logements a nan Adjamé, ya san allunan da nake nufi. A ƙofar kusan kowane shagon kwamfuta akwai ɗaya: ana buga takardu, ana fotokwafi, ana rubuta CV na ƙwararru. Waɗanda suka fi wayewa ma ba su da shago. A Facebook da WhatsApp suke cin kasuwarsu, da hoton mutum sanye da kwat ya harɗe hannu a ƙirji, wai shi koci ne na neman aiki. CV dai, ko "sebe" kamar yadda muke faɗa a nan Abijan, ita ce takardar da mai neman aiki yake zayyana karatunsa da ayyukan da ya taɓa yi. Shafi ɗaya ce, in ta yi yawa biyu. A kan wannan shafi aka kafa sana'a sukutum, kuma a ganina mafi yawanta cin gumin marasa ƙarfi ne.

Kafin wani ya ce na cika baki, bari in fara da kaina. Ni ma na taɓa karanta tallarsu a rediyo, da muryar nan tawa, da kiɗa a ƙarƙashi. Abin bai dame ni ba sai da ya shigo gidanmu.

Ɗan yayata yana da difloma ta BTS a fannin jigilar kaya, kuma ya shekara biyu yana yawo da ambulan a hammata. Uwarsa fura take damawa tana sayarwa. Wata rana bayan la'asar ya zo yana murmushi, ya miƙo mini waya. "Kawu, dubi yadda ta fito." Ta kuwa fito. Ga shuɗin layi a gefe, ga hotonsa cikin kwat ɗin aro, ga taurari an jera: Ingilishi huɗu cikin biyar, kwamfuta biyar cikin biyar. Na tambaye shi da Ingilishi abin da ya ci da safe, ya tsaya yana sosa ƙeya. Na ce nawa ka biya? Ya ce jika goma sha biyar, wato sefa 15,000, kuma a kuɗin adashen uwarsa aka cira.

Taurarin ba su ɓata mini rai ba kamar abin da aka cire. Yaron nan ya shekara uku yana riƙe wa wani Alhaji dillalin albasa littafin lissafi. Shi yake ƙirga buhuna in mota ta iso daga Galmi, shi yake sallamar 'yan dako, shi yake bin bashi a wurin mata masu sari, ya san buhun da ya fara ruɓa tun kafin a kwance shi. Wannan ai ita ce jigilar kayan da ya karanta a aji, ya yi ta da hannunsa. Mai rubuta CV ya ce masa wannan ba aikin nunawa ba ne, zai zubar masa da daraja. Ya share, ya maye gurbin da kalmomi uku na Faransanci masu cewa shi mai kuzari ne, mai tsantseni, mai son aiki da jama'a.

A shirina na mako mai bi na buɗe layi, na ce duk wanda ya sayi CV ya kira ya karanta mana layin farko. Wallahi da ka rufe ido sai ka rantse mutum ɗaya ne yake ta kira. Mai kuzari, mai tsantseni. Daga Abobo mai kuzari, daga Koumassi mai tsantseni. To in duk matasan Abijan masu kuzari ne, da me ma'aikacin da takardu ɗari uku suke gabansa zai gane naka?

A yi lissafi. Tun watan Janairun 2023 mafi ƙarancin albashi a Kodebuwa sefa 75,000 ne a wata. Jika goma sha biyar ɗaya bisa biyar ke nan na albashin wanda ya riga ya samu aiki, ana karɓa daga hannun wanda bai da ko dala.

In ka yi musu da su, hujja biyu suke jawowa. Ta farko, wai mai ɗaukar aiki daƙiƙa shida kawai yake kallon takardarka. Ta biyu, wai kashi 75 cikin ɗari na CV na'ura ce take watsar da su kafin idon mutum ya gani. Aikin jarida ya koya mini in tambayi inda lamba ta fito. Zancen daƙiƙa shida daga wani kamfanin neman aiki na Amurka ne mai suna TheLadders, a 2012, kuma shi kansa yana sayar da hidimar gyaran CV. Zancen kashi 75 kuwa, masu bin diddigi sun kai shi ga wani kamfani, Preptel, wanda yake sayar da maganin wannan na'urar, ya kuma rufe a 2013 ba tare da an ga binciken da ya dogara da shi ba. Mai maganin basir ne yake shelar cewa duk gari basir ya kama. Haka ne, manyan bankunan Plateau da kamfanonin waya da Bankin Raya Afirka ta intanet suke karɓar takardu, kuma manhaja tana taimaka musu wajen tacewa. Abin dariyar shi ne, irin wannan manhaja rubutu miƙaƙƙe ta fi iya karantawa. Taurari da akwatuna da layi biyu gefe da gefe, adon da aka caje ka dominsa, su suke rikita ta.

Mu bar Amurka mu dawo gida. Ta ina ake samun aiki a garin nan? Kusan tara cikin goma na masu aiki a ƙasar nan a sana'o'in da ba su da rajista suke, inda ba a san CV ba. Mai garba ba ya tambayar ta, abincin da sunan mutanenmu na Nijar ya bi har ya zama na ƙasa baki ɗaya. Mai shago a Forum ba ya tambayar ta, mai gareji ba ya tambayar ta. Tambayarsu ɗaya ce: wa ya san ka, wa zai tsaya maka? Aikin gwamnati kuma da jarrabawa ake shiga, kwankur na ENA ko CAFOP ko INFAS, kuma abin da ake nema a dosiye shi ne takardar haihuwa, takardar shaidar ɗan ƙasa, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba.

A nan ne gizo yake saƙa ga yaranmu, kuma a nan masu kwat suke yin shiru. Tun gyaran dokar 1972, haihuwa a Kodebuwa ba ta mai da mutum ɗan ƙasa, sai in uwa ko uba ɗan ƙasa ne. Akwai samarin da aka yanke musu cibiya a Treichville, ba su taɓa taka Tawa ko Katsina ba, amma a takarda baƙi ne. Ƙofar kwankur a rufe take gare su. In kamfani zai ɗauke su, sai ya kai kwantiragin an buga masa izini na ɗaukar baƙo, ya biya kuɗi, kuma da yawa gara su ɗauki wanda ba sai an sha wannan wahala ba. Wasu kuma 'yan ƙasa ne halak malak, amma sunan da ke takardar haihuwa daban, wanda ke difloma daban, saboda wani ma'aikaci ya rubuta Aboubacar wani ya rubuta Boubacar. Ina shuɗin layin da zai gyara wannan? Mai sayar da CV ya sani sarai, ko kuwa bai damu ya tambaya ba. Ya karɓi kuɗi, ya bar yaro yana zargin kansa, yana cewa ƙila launin ne bai yi ba, bari in sake biya.

Ba na jifan kowa da kowa. Mahaifina bai iya boko ba, kuma duk wasiƙar da ya aika hukuma wani mai rubutu ne a bakin gidan waya ya rubuta masa, ya biya shi ladansa. Wannan halas ne. Wanda ya fito daga makarantar allo ko ta Faranko-Arab, Faransancinsa yana ɗingishi, ya ba wani sefa 500 ko 1,000 ya buga masa ya gyara masa kurakurai, bai yi asara ba. Kuskuren rubutu yana kayar da mutum. Wasu masana a jami'ar MIT sun gwada a kan dubban ɗaruruwan masu neman aiki ta intanet, suka ga waɗanda manhaja ta gyara wa rubutu sun fi samun aiki da kimanin kashi 8 cikin ɗari. Amma a lura, gyaran rubutu ne, irin wanda wayar da ke aljihunka take yi kyauta, ko malamin makarantar da ke maƙwabtaka ya yi maka a kan kofin shayi. In kuma ka samu wanda ya taɓa zama a kujerar ɗaukar ma'aikata a fannin da kake nema, ya zaunar da kai awa guda yana yi maka tambayoyi kafin ya ambaci kuɗi, ya ƙi rubuta abin da ba ka iya ba, to biya shi. Irinsu ba su da yawa, kuma ba su cika liƙa allo ba. Wanda ya ce maka yana da hanya a tashar jiragen ruwa, kawo kuɗin dosiye a saka sunanka, wannan ba ma sai na ɓata tawada a kansa ba, ɓarawo ne.

Sannan ga Agence Emploi Jeunes, hukumar da gwamnati ta kafa a 2015 domin aikin matasa. Masu ba da shawara a can suna duba CV, suna koyar da yadda ake amsa tambayoyin ganawa, suna tura mutane istaj, ba a biyan ko sisi. Ban ce za su ba ka aiki ba, masu rajista sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Amma abin da koci yake sayar maka, a can kuɗin mota kawai zai ci maka.

Akwai kuma takardar da ta fi CV nauyi, wadda ba wanda yake tallarta domin ba ta sayuwa. A Afirka ta Kudu wasu masu bincike sun aika takardun neman aiki na matasa marasa aiki, wasu haɗe da wasiƙar shaida daga tsohon maigida, wasu babu. Masu wasiƙar sun fi samun kira da kusan kashi 60 cikin ɗari. Da na karanta sai na yi dariya, domin abin da kakanninmu fatake suke yi ke nan tun zamanin goro: baƙo ba ya samun amana a zango sai maigida ya ce na san shi.

Shi ya sa na tasa ɗan yayata a gaba muka je wurin Alhaji mai albasa. Ya ce, "Malam, ni ban iya rubutu ba, amma yaron nan bai taɓa cin mini ko dala ba." Na ce to faɗi haka, da yawan motocin da yake saukewa a wata, da shekarun da ya yi. Na rubuta da Faransanci, aka karanta masa, ya sa hannu, ya buga hatimin shagonsa da lambar wayarsa. CV kuma muka sake ta a kwamfutar ofis, baƙi da fari, ba tauraro ko ɗaya. Ingilishi muka rubuta "kaɗan". Bugawa da fotokwafi suka ci sefa 600.

Ya kai wurare goma sha ɗaya, biyu suka kira. Ɗaya ya ce za su neme shi, har yau shiru. Ɗayan, wani ƙaramin kamfanin fiton kaya a Treichville kusa da tashar jiragen ruwa, ya ɗauke shi istaj na wata shida, da ɗan abin da bai wuce kuɗin mota da garba ba. Ko za su riƙe shi bayan nan, Allah masani. Ya ce mini rabin ganawar a kan albasa aka yi ta, mutumin yana son jin yadda ake yi da direba in buhuna sun zo ba su cika ba.

Shekaranjiya kocin ya sake turo masa saƙo. Wai akwai rangwame, zai gyara masa shafin LinkedIn a kan jika ashirin da biyar kacal.