Rumbun Jama'a A Zangon Hausawa: Wa Zai Riƙe Mabuɗi?

Daga Wakilinmu, Anacha

Ran Asabar 21 ga watan Disamba 2024, mutum 22 suka rasa rayukansu a garin Okija, kan hanyar Anacha zuwa Owerri, wajen turereniyar karɓar shinkafar Kirsimeti wadda wani attajirin garin ya saba rabawa kowace shekara. 'Yan sanda ne suka ba da wannan lissafi. A wannan rana dai mutum 10 suka halaka a harabar wata majami'a da ke Maitama a Abuja, su ma wajen rabon abinci, kwana uku kafin nan kuma yara 35 ne suka mutu a Badun. 'Yan'uwanmu na Fatakwal kuwa ba su manta da ran 28 ga watan Mayu 2022 ba, sa'ad da mutum 31 suka mutu a filin folo, inda jama'a suka yi sammako don kyautar da wata majami'a ta shirya. Kada kuma wani ya ce ai wannan halin mutanen Kurmi ne, gama a watan Maris 2024 an yi irin haka a Bauci wajen rabon zakka, mata da 'yan mata suka mutu.

Bayan abin da ya faru a Okija, hukumar 'yan sanda ta ce duk mai son yin irin wannan rabo sai ya sanar da ita tukuna. Madalla. Amma fa ɗan sanda da kulki ba zai ƙara yawan buhuna ba. Abin da ke kashe mutane a fili yake: an sa rana, an yi shela, kayan rabo kaɗan, mabuƙata da yawa, kowa kuma ya san wanda ya makara sai baɗi. To, mai 'ya'ya biyar da ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba, yaya za a ce masa ya bi layi a hankali?

Mai karatu zai ce, mu ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa har da tsaki. Duk wanda ya san Gadar Kwara da asuba ya san motocin da ke tsallakowa: albasa daga Aleiro da Sakkwato, tumatir daga Kadawa, wake da gero daga Dawanau, shanu daga Fataskum da Mubi. Mutanenmu ne ke saye, su ke lodi, su ke tuƙi, su ke saukewa a kasuwannin Anacha, da Ogbete da Garki a Inugu, da wuraren saukar doya da kayan gwari a Fatakwal. Duk da haka, ka zaga bayan Kasuwar Relief da ke gefen Okpoko, ko gindin gada da dare, za ka iske samari namu kwance a kan kwali, wanda abincinsa tun safe bai wuce garin kwaki da ruwa ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

A da ba haka abin yake ba, ko kuwa a ce bai kai haka ba. Zaman Hausawa a Gabas tsoho ne, har Malam Umaru Altine, mai cinikin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Abin da ya riƙe wannan zama shi ne tsarin maigida, watau fatoma. Baƙo ya zo da shanunsa ko buhunansa, ya sauka a gidan maigida, a ba shi wurin kwana, a kawo masa tuwo safe da dare, maigida ya nemo masa mai saye, ya ci la'adarsa. A inuwar wannan ciniki ne yaran gida da almajirai da wanda jarinsa ya karye suke samun abin sawa a baka, don akushin zaure ba a tambayar mai sa hannu daga ina yake. Ba wanda ya kira wannan da sunan agaji, amma ya ciyar da dubban mutane shekara da shekaru.

Abubuwa ne suka taru suka fi ƙarfin akushin. Da farko dai masu zuwa yanzu yawancinsu ba fatake ba ne. Yara ne da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Zamfara da Katsina da gabashin Sakkwato, suka hau bayan tirela ba jari ba adireshi, suka zo suna dako, ko wankin takalmi, ko yankan farce, ko jari-bola. Ba su kawo kaya ba, saboda haka ba su da maigida. Na biyu, daga ran 9 ga watan Agusta 2021 aka shiga zaman gida na dole kowace Litinin a jihohin Ibo, aka yi shekaru ana haka. Mai albashi yana iya kwanciya ya huta, amma ɗan dako da ba ya ci sai ya ɗauka, kwana ɗaya cikin bakwai ya tafi masa a banza. Sa'an nan ga ƙarancin takardun Naira a farkon 2023, ga janye tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na wannan shekara, wanda ya ninka kuɗin mota daga Arewa. Zuwa tsakiyar 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce tashin farashin abinci ya wuce kashi 40 cikin 100. Maigidan da ke ciyar da mutum ashirin ya koma yana lissafin na iyalinsa.

To, mene ne abin yi? Akwai wata dabara da aka fara a birnin Phoenix na Amurka a 1967, inda wani mutum mai suna John van Hengel ya lura kantuna na zubar da abinci mai kyau don kawai ba zai sayu ba, sai ya nemi ɗaki ya riƙa tarawa yana ba masu ciyar da matalauta. Suka kira shi bankin abinci. A Ikko ma akwai irinsa, samari da 'yan mata na aiki a ciki kyauta. Mu sunan banki ba ya yi mana daɗin ji, mu ce rumbun jama'a. Bambancinsa da rabon attajiri shi ne rumbu yana nan kullum, ba shela, ba taro, wanda bai samu yau ba ya san zai samu jibi, don haka ba abin da zai sa ya taka ɗan'uwansa.

Abin zubawa a rumbun kuwa ba sai an je roƙo gidan gwamnati ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda ake sauke kayan gwari ya ga yawan tumatirin da ya yi laushi a hanya, wanda in an dafa yau lafiya lau ne, in ya kwana sai bola. Haka karyayyar doya, da albasar da ta fara tsiro, da hatsin da ke zubewa daga fasasshen buhu, da abin da ya rage wa mahauta da yamma. A ce dillalai 50 kowa ya ɗauki alkawarin mudu ɗaya na wake ko shinkafa a mako, ba wanda zai ji a jikinsa, ga mudu 200 a wata.

Saboda haka a ganina abinci ba shi ne abin da ya yi ƙaranci ba. Hannu ne babu. Rumbu yana son wanda zai tashi da asuba ya bi motoci da baro, da wanda zai zauna ya tsince ya auna ya ƙulla, da mai ilmin da zai riƙe littafi ya rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, da mai babur da zai kai wa tsoho ko majinyaci har inda yake. Wannan aikin gayya ne, mun kuwa san shi tun daga gona. Sai dai gayya ta yini ɗaya ce, a yi kiɗa a ci tuwo a watse, wannan kuwa ta kowane mako ce, ba kiɗa ba yabo. Nan ne ƙungiyoyinmu suke faɗuwa. Mun iya taron buɗewa da babbar riga da ɗaukar hoto, wata uku baya kuma a nemi sakatare a rasa. Gara a samu samari goma, kowa ya san ranarsa da sa'o'insa biyu, da a rubuta sunan mutum ɗari a takarda. 'Yan agaji na masallatanmu, waɗanda suka saba da tsara sahu ran Juma'a da Idi, su ne suka fi kusa da wannan horo.

Dole kuma a sa mata a ciki. Matar da mijinta ya tafi gida ya daɗe bai aiko ba, ko wadda aka mutu aka bar ta da marayu a ɗakin haya, ba za ta fito ta tsaya a layi gaban maza ba, ko da yunwa za ta kashe ta. Mace 'yar'uwarta ce kaɗai za ta shiga ta ga tukunya a kife.

Sai maganar mabuɗi, wadda ita ce mai wuya. Kowa ya tuna watan Oktoba 2020, sa'ad da jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a jihohi da dama, aka ga tulin abincin agajin annobar korona wanda ba a raba ba, talakawa kuwa na fama. Tun daga nan duk wanda ya ce a kawo abinci ya ajiye, kallon ɓarawo ake yi masa. In aka damƙa mabuɗi ga Sarkin Hausawa shi kaɗai, to a garin da ake rigimar sarauta rabin zango ba za su ba da ko ƙwaya ba. In aka bar ɗan siyasa ya shigo, sai ka ga hotonsa a jikin buhu. Shawarata a yi kwado uku, ɗaya wajen liman, ɗaya wajen shugaban 'yan kasuwa, ɗaya wajen samarin da ke aikin, kuma a karanta lissafi a bainar jama'a bayan sallar Juma'a sau ɗaya a wata, har da abin da ya lalace.

Akwai tambayar da na san za ta raba kan dattawa: Hausawa kaɗai za a ba, ko har da maƙwabta? Zakka dai tana da mutanenta da shari'a ta ambata, wannan sai a ware mata littafinta, malamai su tsaya a kai. Amma sadaka ba ta da wannan iyaka, yunwar Okpoko kuwa ba ta san Bahaushe ba ta san Ibo ba. Da ambaliyar 2022 ta cinye ƙasar Ogbaru ba ta tambayi yaren kowa ba. A ƙarshen watan Fabrairu 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Badun, ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta hana kaya sauka Kudu wajen mako guda. An ji a jiki a nan, gaskiya ne, amma tumatir ya ruɓe a hannun manoman Arewa, mu kuma da ke zaune a nan mu muka kwana da fargaba, masu ba da umurnin suna can gida. Waɗanda suka ga watan Fabrairu 2006 a Anacha, ranar da mutanenmu suka tsallaka gada zuwa Asaba da ƙafa, sun san darajar maƙwabcin da zai buɗe maka ƙofa ya ɓoye ka. Ba na cewa mudun wake zai sayi zaman lafiya. Amma gwauruwar da ke karɓar ƙulli daga zango kowane mako, da wuya a zo a gaya mata cewa mutanen nan duk maƙiya ne ta yarda.

Lokacin farawa mafi sauƙi shi ne azumi, don a nan ne hannu ke sake, kowane masallaci na dafa buɗe-baki, zakkar fid da kai kuma na taruwa cikin kwana biyu har ta yi wa wasu yawa, wasu ko ba a san da su ba. In samarin da ke rabon kunu suka yi amfani da kwana talatin ɗin suka rubuta gidajen da ke da buƙata, an samu littafi ke nan. Abin da zai rage shi ne ɗaki mai ƙofar ƙarfe wanda ruwa ba ya shiga, gama damshin Gabas ba ya barin wake ya daɗe, da kuma wanda zai biya kuɗin hayarsa na shekarar farko.