Inji ya buga a hanyar Maigatari: wanne za a saka?

A littattafanmu mota iri biyu ce kawai: dalleliya wadda Alhaji ke fitowa daga cikinta, da kuma wadda ta yi haɗari a babi na tara. Ba mu cika buɗe bonet ba. To a wannan makon mun buɗe, domin maganar ta same mu har gida.

Wani ɗan'uwanmu yana da tsohuwar Hilux mai amfani da man gas. Ranar Alhamis yana jigilar awaki da tumaki daga kasuwar Maigatari, da kaka kuma yana ɗauko riɗi da zoɓo daga ƙauyukan Gagarawa da Sule Tankarkar zuwa Gumel, wani lokaci har da 'yar tirela a baya ɗauke da injin casa. Gida biyu ke ci daga motar nan. Ranar da inji ya buga, shawara ta rabu: samari suka ce a je Ƙofar Ruwa a Kano a ɗauko na zamani mai turbo da ƙwaƙwalwa, bakanikensa ya ce a nemo tsohon yayi irin 5L. Mu muna bayan bakanike, kuma ba don muna ƙin sabon abu ba.

A fara da gaskiyar da ba ta goyon bayanmu. Injin Toyota 2KD, mai lita 2.5, ya fi 5L mai lita 3.0 kuzari duk da ya fi shi ƙanƙanta. Turbo yana cusa masa iska, kwamfuta tana auna masa mai daidai, sai ya ja kaya da sauƙi kuma ya sha mai kaɗan. Shi kuwa 5L ba shi da turbo, dawakansa ba su kai 100 ba, in ka ɗora masa kaya ka hau titin Gumel zuwa Kano sai ka yi haƙuri, masu Sharon su yi ta wuce ka. Da a Jamus ko Holan muke, inda mutane ke ɗaura ɗaki mai taya a bayan mota su tafi hutu, da babu gardama: na zamanin za a ɗauka.

Amma ba can muke ba. Injin zamani yana harba mai cikin silinda da matsin da ya haura bar 1,000, ta ramukan nozul da suka kusa siririn gashi. Abin da ke shafa wa famfonsa mai shi ne gas ɗin kansa. Idan ruwa ya shiga, ko ƙasa, ko an surka da kananzir, famfo zai fara cin kansa, ɓarɓashin ƙarfe ya bi bututu ya kashe injekta huɗu a lokaci guda. Yanzu mu tambayi kanmu tsakani da Allah: direban da mai ya yanke masa a bayan Sule Tankarkar da magariba, ina zai sha? A jarka, wajen ɗan bumburutu. Tsohon inji mai famfon ƙarfe zai yi tari, ya yi hayaƙi, ya kawo ka gida. Na zamanin zai kunna maka fitila a dashbod ya ƙi tafiya, kuma mai na'urar da zai karanta abin da ke damunsa ba lalle a same shi kusa ba. Kwana uku mota a ajiye, kasuwar Alhamis ta wuce.

Akwai kuma wani tarko da masu sayen motocin Beljiyam ke faɗawa. Tun wajen 2009, da dokar hayaƙi ta Euro 5, motocin gas na Turai suna zuwa da matatar toka a cikin salansa. An ƙera ta ne don man da sinadarin sulfa ya yi ƙaranci a cikinsa ƙwarai, kuma tana buƙatar doguwar tafiya da gudu kafin ta ƙone abin da ta tara. Motar da aikinta shiga gona da fita a giya ta biyu, toshewa za ta yi.

Abin da muka fi so 'yan'uwa su riƙe shi ne bambancin gudu da ja. Mutumin Lautai ba sai an yi masa dogon bayani ba: doki daban, bijimin amalanke daban. Mai jan kaya a rairayi ba yawan dawakai yake nema ba, yana neman ƙarfin murɗa taya tun inji bai ɗaga murya ba. A nan ma turbo yana da nasa aibin, don sai inji ya ɗan ɗau zafin juyi kafin ya ba da ƙarfinsa, kuma direban da ya saba kashe mota nan take bayan doguwar tafiya yana gasa shi ne a hankali. Ga ƙurar hunturu, wadda in ta samu kafa a filtar iska sai ta ci fukafukan turbo kamar gara. Ga zafin Afrilu. Duk injin da aka zaɓa, in lagireto ya toshe ko fanka ta yi sanyi, kan silinda ne zai biya bashin.

Sai dai kada wani ya ji mun ce tsohon yayi ya je ya kwaso duk abin da aka nuna masa. Injin tokumbo ba ya zuwa da tarihinsa. A sa a tayar da shi da safe yana sanyi, ba bayan mai shago ya riga ya ɗumama shi ba. A buɗe murfin baƙin mai yana aiki: in yana huci kamar tukunyar dambu, zobban fistin sun gaji. Hayaƙi shuɗi baƙin mai yake ƙonawa, fari mai ɗorewa ko ruwa ne ko gas da bai ƙone ba, baƙi kuwa mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. A canza bel ɗin taimin kafin a fara aiki, don in ya tsinke a irin waɗannan injuna bawul da fistin karo suke yi. A karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji, musamman ga mai zirga-zirga kusa da iyakar Nijar inda shingaye ba sa ƙarewa. Kuma a je da bakaniken da zai riƙa gyaran, ba abokin da ya iya ciniki ba.

In kuwa kayan sun fi ƙarfin Hilux, to babu injin da zai mai da ita Canter. Birki da sifirin da kulochi ba su san an canza inji ba.

Ɗan'uwan namu dai ya saka 5L. Har yanzu samarin suna masa dariya a tasha, suna cewa motarsa sai an yi mata addu'a kafin ta wuce tirela. Alhamis ɗin da ta gabata sahu biyu ya yi.